Wadda Kike Kira Iya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga 'yata ta fari, da ke Hanwa.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki da abin da kike ɗauke da shi. Allah ya sa kumburin ƙafar nan ya sauka. Allah ya tsare ku a hanyar da za ku kama ranar Asabar, ya raba ku da mugun ji da mugun gani, ya sauke ku Badun lafiya, ko Ibadan kamar yadda ku 'yan boko kuke cewa.

Babanku ne zai miƙa miki takardar nan. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Na ɗauki wayar ya fi a ƙirga, in na zo kan lambarki sai in ajiye. Kin san ma a wayar tawa "Ta Hanwa" aka rubuta. Don haka ki yi haƙuri da rubutun 'yar firamare, ki karanta har ƙarshe, kada ki ninke ta a tsakiya don zuciya. Na san zuciyarki, a wurina kika gado ta.

Ranar Talata kin zo mini sallama, kika same ni a bakin injin markaɗe, mata sun jera robobinsu. Kika ce an mayar da aikin maigidanki Badun. Kika ce ba za ki dawo gida haihuwa ba, can za ki haihu, Iya Bose tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce ita za ta yi miki wankan jego. Na ce, "To, Allah ya raba lafiya." Na ja igiya na tayar da inji. Kika miƙa hannu kika kashe shi a gaban mutane, abin da ko babanku bai taɓa yi ba.

"Yaya, shi ke nan abin da za ki ce?" kika tambaye ni. "Ni 'yarki ce ko 'yar riƙo? Tunda nake a duniya ban taɓa jin sunana a bakinki ba."

Na ce, "Matsa, kin tsare wa mutane layi."

Kika tafi kina share ido da gefen hijabi. Tsorona ɗaya ne, ki shiga motar nan kina ganin ba ki da uwa a Muchia, ki haihu a wata ƙasa ban sani ba sai a bakin mutane. Shi ya sa na zauna rubutu.

Kin tuna lokacin da kike karatun harsuna a Samaru, kika dawo hutu kina cika mana kunne da kalma ɗaya? Ina tankaɗe, kina zaune kan turmi kina lissafa mini. Kika ce iya a wurinmu uwa ce, a wurin Yarbawa ma uwa ce, amma in suka sauke murya sai ta zama wahala. Kika ce ba ki yarda wani ya ara wa wani ba sai an bincika, don bakin yaro ko'ina da irin wannan sautin yake fara neman uwarsa. Kika ce ga iya ta iya tuwo da iya ruwa fid da kai, ga iya ta "iya nan zan tsaya", duk asalinsu daban. Ga sarautar Iya a nan Zazzau, ƙaton namiji da rawani. Har kika ce akwai wata ƙasa can gabas da alhazai ke haɗuwa da mutanenta a Makka, su iya a wurinsu "e" ce, wata ƙasar kuma "a'a". Na ce miki, "Wannan shi ne karatun da ake ta tashin ki da asuba dominsa? Miƙo mini rariya." Kika ji haushi. To, ban manta ko ɗaya ba. Abin da ya hana ni sake miki fuska, kalmar da kike juyawa kamar waina ita ce wadda kika ba wata, ni kuwa kika bar ni da Yaya, yadda ƙannena ke kirana.

Ba laifinki ba ne. Bari ki ji yadda aka yi.

A gidanmu na cikin birni na haife ki. Da aka wanke ki aka miƙo mini, sai na kau da kai na juya wa bango. Kina ta tsala kuka, ƙirjina na tsatstsafa, na ƙi karɓa. Sai da Gwaggo ta ɗaga mini muciya ta ce, "Za ki ba ta ko sai na kwaɗa miki?" Mata suka kwashe da shewa, suna cewa 'yar gidan mutunci ce, ta san kunya. Wallahi na ji daɗin yabon nan har cikin raina. Inna ta ce da ni ɗan fari na dangi ne, ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, wadda ta nuna nata ne ta jawo masa baki. Haka aka yi mata, haka aka yi wa tata uwar. In ɗaki ya watse, sai in jawo ki in yi ta sunsunar kanki. Da na ji motsin takalmi sai in ajiye ki in gyara fuska.

Ba zan zagi Inna ba, kuma ke ma ban ba ki izini ba. Ba don ƙi suka yi ba. Amma ga abin da na gane, wanda ba wanda ya gaya mini: jariri bai san an sunsune shi a ɓoye ba. Abin da aka yi masa da ya yi wayo, shi ya sani. In Allah ya sauke ki lafiya, ki karɓi ɗanki da hannu biyu ko da duk dangin mijinki na tsaye a kanki. Yabon mata na yini ɗaya ne.

Kina rarrafe babanku ya samu aiki a gonar gwaji ta Samaru, muka kama haya a Muchia. Gidan haya ne na ɗaki-ɗaki, ga Ibo, ga mutanen kudancin Kaduna, ga Yarbawa. Ɗakin da ke kallon nawa na wata Bayarbiya ce mai sayar da robobi a kasuwar Sabon Gari, baƙa, gajera, da tsage a kumatu, muryarta kamar ta haɗiye lasifika. Na tambaye ta sunanta.

"Iya Bose," ta ce.

"Wace ce Bose?"

"'Yata mana! Ta fari!" Ta buga ƙirji.

Na ce a raina, la haula, wannan mata ba ta da ta ido. Sunan 'yar fari ne ta ɗora a kai take yawo da shi kasuwa? Ta nuna ki da baki ta ce, "Ke kuma Iya wa?" Na ce, "Ni Ramatu ce." Ta ce, "Na ji. Yarinyar fa?" Na yi kamar ban ji ba, na kira ƙanwata Talatu ta gaya mata. Matar nan ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ɗauka mantawa na yi. Na daɗe ina yi mata kallon marar kunya, ita kuma tana yi mini kallon marar zuciya. Dukkanmu mun yi kuskure, amma nawa ya fi daɗewa.

To ga shi yanzu ƙasarsu za ki. Za ki ga mace ta rungume ɗanta a tasha tana kuka da ƙarfi, za ki ga an yi faɗa da safe har a tara unguwa, da rana a ci abinci a kwano ɗaya. Kada ki taɓe baki. Su ma suna da tasu kunyar, a gwiwa take, yarinya ba ta gai da babba a tsaye. Ki koya, ki durƙusa, ba abin da zai ragu a jikinki. Kuma don kin ji kalmarsu ta yi kama da tamu, kada ki ɗauka kin san abin da ke cikinta. Ni na ji "iya" na ce ai na san wannan, ashe a wurinsu suna ne da mace ke samu ranar da ta haihu, ta riƙe shi har kabari.

Dubi tabon da ke gwiwar hannunki na dama. Kin san bel ɗin inji ne, amma ba ki san inda nake tsaye ba. Ban daɗe da fara sana'ar markaɗe ba, kina 'yar tatata. Ranar kakarki ta wajen uba ta zo daga birni da ƙawayenta, suna zaune kan tabarma a tsakar gida. Na juya in karɓi roba, sai na ji ƙara. Bel ya fizge ki ya yar, jini na tsiyaya har ƙasa. Ƙafata ta ɗaga za ta ruga. Na ɗago, na haɗa ido da surukata. Sai na tsaya. Na tsaya, 'yar nan! Na ce, "Talatu, ɗauki yarinyar can."

Kafin Talatu ta fito daga kicin, Iya Bose ta faɗo daga ɗakinta ba ɗankwali ba takalmi. Ta sure ki, ta yage gefen zaninta ta ɗaure hannun, ta goya ki, ta fita da gudu tana kiran sunanki da irin lanƙwasar harshensu. Na ji muryarta har ta sha kwanar layi. Surukata ta ce, "Kai, Ramatu akwai kawaici." Na shiga banɗaki na cusa zani a baki don kada a ji ni. Da kuka dawo daga asibiti kina maƙale a wuyanta, na miƙa hannu, kika ƙi. Daga ranar kika fara ce mata Iya.

Ki rubuta wannan a zuciyarki: kunya tana da iyaka. In jini ya fito, in zazzaɓi ya hau, in yaro ya kira ki cikin tsoro, iya nan kunya ta tsaya. Duk wanda zai yi da ke ya yi. Surukar da na ji wa kunya ta daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙanta, tabon kuwa yana nan a hannunki.

Abu na gaba kin san shi, don kina ciki, amma ba ki san yadda ya kasance a wurina ba. Shekarar da gari ya rikice, ba sai na ce wacce ba. Kina sakandare. Da rana tsaka muka ga hayaƙi ta wajen kasuwa, mutane na gudu, ana rufe shaguna. Mijin Iya Bose ya tafi gida da yaran, ita kaɗai ce. Babanku na Samaru, hanya ta toshe. Ta shigo ɗakina a guje, matar da ban taɓa ganin ta yi shiru ba ta kasa magana. Na zura mata hijabina, na zaunar da ita bayan gado.

Ba a jima ba suka banko ƙofar gida. Samari ne da gorori da wuƙaƙe, yawancinsu ban san fuskarsu ba. Suka bi ɗaki-ɗaki, masu ɗakunan duk sun tsere. Babbansu ya ɗaga labulena.

"Akwai baƙi a nan?"

"Babu," na ce.

Ya leƙa, ya ga tsagen da ke kumatunta. Hijabi ba ya rufe kumatu. Ya nuna ta da gora. "Wannan fa?"

Sai ke kika yi tsalle kika faɗa jikinta, kika ƙanƙame ta, kina ihu, "Iyata ce! Iyata ce!"

Ya juyo kaina. "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Gaskiya ne?"

Na ce, "Iyarta ce. Ita ta goye ta. Ni yayarta ce."

Wani ɗan layinmu da ke bayansu ya ce, "Haka ne, Yaya take ce mata." Suka kalli juna, sannan suka saki labule suka fita.

Na gode wa Allah da ya tsare ran baiwarsa, kuma ko yau aka sake, haka zan faɗa. Amma abin da ya ƙona ni, ban yi ƙarya ba. An ce in ji tsoron Allah, na ji, na faɗi gaskiya, kuma duk unguwa ta shaida. Da bakina na miƙa ki.

A Badun ke ce za ki zama baƙuwa, ke ce mai fuskar da hijabi ba zai ɓoye ba. Kada ki kulle kanki a ɗaki ki ce sai Bahaushiya za ki gaisa da ita. Ki san matar da ɗakinta ke kallon naki, ki san sunan 'ya'yanta, in kin yi tuwo ki zuba mata, in ta kawo miki nata ki karɓa da fara'a. Ba fata nake ba, Allah ya kiyaye, amma ranar tsoro ƙofar da ta fi kusa ita ake bugawa. In kin ji gari ya ɗauki zafi kada ki tsaya kwashe kaya.

Bayan abin ya lafa, Iya Bose ta tattara ta koma ƙasarsu. Ranar tafiyarta ta ja ni gefe a bayan mota ta ce, "Ramatu, wannan abin naku zai cinye ki. Kira yarinyar nan da sunanta, ba za ki mutu ba." Na ce, "Ke dai kama hanya, rana na yi." Ta girgiza kai ta ce, "Taurin kai kamar jaki." Muka rungume juna. Kin gani, ita na iya rungumarta.

Yanzu bari in faɗa miki ƙarara, tunda takarda ba ta da ido. Kishi nake yi. Ina son matar nan, ta yi mini abin da 'yar'uwa ba ta yi ba, kuma ina kishinta kamar in mutu. Da kika ce ita za ta yi miki wanka, ji na yi kamar an zare mini ƙashin baya.

Kin san dalili? Al'adar da ta ɗaure mini baki a kanki, ita ce ta bar mini ƙofa ɗaya: jika. A kan jika ba kunya. In goya shi, in yi masa rawa, in kira shi mijina ko kishiyata, in yi ta kiran sunansa har maƙwabta su gaji. Tun kina ƙarama nake cewa a raina, bari dai, duk abin da na hana uwar, a kan ɗanta zan juye. Tun da Talatu ta raɗa mini kina da ciki na fara shiri. Na daka yajin jego da hannuna, ban ba inji ba. Na aika ƙauye an kawo gero mai kyau. Na sa an yi wa ɗakin Talatu na da fenti, an sake labule. Babbar tukunyar wanka da aka dafa mini ruwanki a ciki, na karɓo ta daga birni na goge, tana nan a bayan ƙofa. Babanku na ta yi mini dariya, wai kamar ni zan haihu. Ban gaya miki ba, don a tunanina ai kin san gida za ki zo. Wannan ma wautata ce. Abin da ba a faɗa ba, kada ki ɗauka an sani, ko tsakaninki da mijinki ne.

Ban ce ki fasa tafiya ba, mace da ɗakinta. Ban ce ki dawo da tsohon ciki a kan wannan doguwar hanya ba, ni ma ba zan so ba, ga ƙafarki a kumbure. Da kun sauka ki nemi asibiti a auna jininki, kada ki jira sai kin gama jera kaya. In kanki na sarawa ko idonki na ganin duhu-duhu, ki tafi a lokacin, ko maigidan na ofis. In kin haihu kada ki bari a ɗura miki kanwa da yawa, ko ni ce na ba ki, likita ya fi ni sani a nan. Kuma ban ce ki ƙwace wa Iya Bose abin da ta samu da guminta ba. Ki ci gaba da kiran ta Iya har abada, ta ci sunan.

Roƙona ɗaya ne. Ki bar ni in zo. In lokaci ya yi ki aiko, in hau mota da tukunyata. Ita ta riƙe ganye, ni in dafa ruwa. Ta yi mini masifa da Yarbanci in rama da Hausa. Ko a tabarma a bakin ƙofa zan kwana.

In kin yarda, ranar Asabar ki ce da direba ya biyo ta Muchia, ki karɓi yajinki. Zan rufe inji in tsaya a ƙofar gida. In motar ba ta biyo ba, na ji amsa, kuma ba zan riƙe ki a zuci ba, addu'ata na bin ki duk da haka.

Saura abu ɗaya. Kin ce ba ki taɓa jin sunanki a bakina ba. Gaskiya ne, ba ki taɓa ji ba. Injin nan nawa, in ya tashi ko mai tsaye kusa da ni ba ya jin abin da nake faɗa. Tun ranar da ya ji miki ciwo, duk sanda na tayar da shi, bayan bisimilla sunanki nake kira. Ranar jarrabawarki, ranar da aka kai ki Samaru, ranar da aka kai ki ɗakinki. Mata na ganin bakina na motsi, suna cewa Ramatu akwai zikiri. Ranar Talata da na ja igiyar nan kina tsaye a kaina, me kike tsammani nake faɗa? Kika kashe shi ina tsakiyar sunan, na haɗiye sauran.

Ranar Asabar injin a kashe zai kasance.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare gabanku da bayanku, ya haɗa ki da maƙwabta na gari. Allah ya raba ki da cikin nan lafiya, ya ba ki mai albarka, ya sa ki kira shi da sunansa tun ranar suna. Allah ya yi miki albarka duniya da lahira. Ki gai da maigidan.

Ga shi, da hannuna na rubuta.

Ni ce,
Iya Bilkisu.